Ƙwan Gauraka a Ƙarƙashin Talotalo

Kaji nake kiwo, na gidan gona da na Hausa, kuma ƙwai ba ya yi mini ƙarya. In ya kwana goma a ƙarƙashin uwa, sai in shiga ɗaki in rufe taga, in kafa masa fitilar waya a gindi. In da rai a ciki, za ka ga jajayen jijiyoyi sun bazu kamar saiwar albasa. In babu, sai haske ya ratsa fes, gwaiduwa tana yawo ita kaɗai. Shekara biyar ina yi wa ƙwan gaurakin Baba wannan dubawa a ɓoye, shekara biyar haske yana ratsawa fes, ban gaya masa ba.

Baba ya yi kusan shekara talatin yana aiki a wata masaƙa a Kakuri. Da aka rufe ta, sai ya koma gadi a gidan wani Alhaji a Barnawa. Alhajin nan mutum ne mai son a gani a faɗa. A farfajiyarsa akwai ɗawisu, akwai barewa, akwai wani tsohon kunkuru, sannan ga gauraki biyu suna kai da kawo a kan ciyawa don baƙi su kalla. Da ya rasu, magada suka sayar da gidan. Aka yanka barewar, wani suruki ya ɗauke ɗawisun, gaurakin kuma wani mai magani ya zo nemansu, wai kawunan yake so. Baba ya tsaya a bakin ƙofa yana roƙo har sai da babban ɗan ya gaji ya ce a ba shi su tafi. A keke mai ƙafa uku ya kawo su gidanmu na Makera, jikinsu cikin buhu, dogayen wuyansu a waje suna kallon gari.

Ban ɓoye ɓacin raina ba. Tun rasuwar mijina na dawo gidan da 'ya'yana, kuma tsakar gidan namu duka-duka bai fi shimfiɗar tabarma shida ba. A nan rijiya take, a nan akurkina yake, a nan ake shanya. Na ce, "Baba, mu da muke neman inda za mu sa ƙafa, ka kwaso mana masu ƙafa kamar sandar rake?"

Ya ce, "Uwata, baƙi ne. A ba su ruwa tukuna." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba.

Na san yawancin masu karanta wannan ba su taɓa ganin gauraka ido da ido ba. Tsayinsa ya kai ƙuguna ya wuce. Jikin baƙi-baƙi ne, fiffiken fari, kumatun fari da ja, goshin kamar an liƙa masa baƙin karan-miski, sannan ga tukku ruwan zinariya a tsaye kamar sabuwar tsintsiya. Ko ni da nake fushi sai da na tsaya na kalla. Baba ya dubi wanda ya fi girma ya ce wannan shi ne Ango, ƙaramar kuma Amarya. Tun a gidan Alhaji aka datse musu ƙashin fiffike ɗaya, saboda haka su da tashi sama har abada. Da asuba sukan saki wani kuka mai kauri kamar ƙahon tsohuwar mota, maƙwabta su yi ta tsaki. In hadari ya haɗo kuwa, sai su buɗe fiffike su yi ta tsalle suna sunkuya wa juna, har kajina su ruɗe.

Ban san dalilin Baba ba sai wata Asabar. Yana da aboki da muke kira Baba na Romi, Kirista ne daga kudancin jihar nan, tare suka yi aiki a kan injin saƙa. A da katanga ɗaya ce tsakaninmu da su a Makera, har lokacin da rikice-rikicen garin nan suka ware mutane, ya kwashe iyalinsa ya koma Romi. Amma duk Asabar sai ya zo sun sha shayi a zaure. Ran nan ina tsince shinkafa a bayan ƙofa, na ji Baba yana ba shi labari.

Ya ce a ƙauyensu, can fadamun ƙasar Haɗeja, gauraki garke-garke suke sauka lokacin yana saurayi. In damina ta yi nisa, shi da sa'o'insa sukan kutsa cikin ruwa har ƙirji, su kori iyayen, su kwaso 'ya'yan su sayar wa fatake, su kuma su kai gidajen masu hali. "Ba ɗaya ba, ba goma ba," in ji shi. "Ni ne gwaninsu. Uwar tana bina tana kuka har bakin gari, ko a jikina." Ya ce zuwansa gida na ƙarshe, ta'aziyya ce ta kai shi, ya zagaya fadamar bai gane ta ba. Tun da aka datse ruwa a can sama ambaliya ta daina zuwa yadda ta saba, ɗan abin da ya rage kuma an mayar gonakin shinkafa, ana ta feshi. Ya tambayi samarin garin ko suna ganin gauraka. Ɗaya ya ce ai Gauraka gari ne a hanyar Abuja, ya taɓa sauka a can.

"Haƙƙin tsuntsun nan yana wuyana," in ji Baba. "In waɗannan suka ƙyanƙyashe, ba mai taɓa fiffiken 'ya'yan. Da hannuna zan kai su gida in sake su. Ko biyu ne, in mayar."

Daga ranar na daina ƙorafin dawar da suke ci.

A damina ta biyu suka tara ciyawa a bayan rijiya, muka wayi gari da ƙwai, manya, fari mai ɗan shuɗi-shuɗi. Baba ya rasa inda zai sa kansa don murna, har goro ya raba a masallaci. Sai dai wurin ya yi musu ƙunci. Wannan ta hau, wannan ya ture ta, kafin mako sun fasa biyu. Baba na Romi ya ce shi yana da maganin abin. Washegari sai ga shi da macen talotalo a hammata.

"Malam, wannan madam ɗin no dey fail," in ji shi. "Ko dutse ka sa masa zai ƙyanƙyashe." Haka Hausarsa take, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa, muna ta tsokanarsa a kai.

Aka gyara mata wuri a tsohon madafi, aka jera mata ƙwai huɗu. Baiwar Allah ta kwanta wata guda cur, ta rame, ƙirjinta ya tsige. A rana ta talatin da biyar Baba ya ɗaga ɗaya ya girgiza a kunnensa, sai muka ji ruwa yana kaɗawa. Baragurbi ne, duka huɗun. Warin da ya tashi da muka fasa sai da ya kori kowa daga gidan.

Baba ya ce tsawa ce ta kashe su. Shekara ta gaba ya ce janaretan maƙwabcinmu ne. Ta gaba ya ce bakin mutane ne, ya daina raba goro, ya hana kowa leƙa madafin. Baba na Romi ya ce shi fa yana sa ƙwan nan a addu'a duk Lahadi, to a bincika ko daga ɓangaren masallaci ake samun matsala. Baba ya ce a'a, talotalon ce ba ta da alwala. Su yi ta dariya har da tari. Duk damina a kawo talotalo, duk ƙarshen damina a mayar da ita Romi a rame.

Ni kuwa na sani. In Baba ya tafi sallar azahar sai in zaro ƙwan in duba, in mayar. Ban taɓa ganin ko silin jijiya ɗaya ba. Na ɗauka Ango ne ya tsufa, ko zaman tsakar gida ne ya kashe masa zuciya. Abin da ya rufe mini baki shi ne, a wannan wata guda na kwanci Baba yakan koma mutum. Yakan cinye tuwonsa, ya yi aski, ya miƙe ƙafa ya yi ta lissafin motar da za mu shiga zuwa Haɗeja da irin kwandon da za a sa 'ya'yan. Tun da aka rufe masaƙa ban ga abin da ya tashe shi da sassafe da ɗoki ba sai wannan. Na ga idan na faɗa, na ƙwace masa abu ban ba shi komai a madadinsa ba.

A damina ta shida, wata safiya na fito ɗiban ruwa. Amarya tana can gindin katanga tana tsattsagar dawa. Ango kuma yana tsugune a kan ciyawa, ya buɗe baki, jikinsa yana rawa. Na ajiye guga na ce yau kuma ciwo ne ya same shi. Can sai ya miƙe ya karkaɗe jiki. A ƙarƙashinsa ga ƙwai, jiƙe, da ɗuminsa. Na taɓa da hannuna don kada in yi wa idona ƙarya.

Dariya ta kama ni har na zauna a bakin rijiya. Shekara shida! Ni mai kiwon kaji, da tsofaffi biyu masu furfura, da addu'ar masallaci da ta coci, duk muna tsaye a kan mata biyu muna jiran 'ya'ya. Ban san lokacin da dariyar ta koma kuka ba. Na share fuska na ce wannan ma zan haɗiye.

Ban haɗiye ba, ko yini bai yi a cikina ba. Da la'asar na fesa maganin ƙuma a akurki, Baba ya fito yana faɗa. Ya ce yanzu ya gano, wannan feshin nawa ne yake kashe masa ƙwai duk shekara, in kwashe kajina in san inda zan kai su. Kajin nan da su nake ciyar da gidan, har da dawar gaurakinsa. Raina ya ɓaci, idona ya rufe.

Na ce, "Baba, ba feshi ba ne, ba tsawa ba ce, ba bakin kowa ba ne. Angon naka ƙwai yake yi! Da idona na gani yau da safe. Mata biyu ka ajiye. Ƙwan nan tun farko ba rai a cikinsu, duk shekara ina haskawa."

Ya tsaya da buta a hannu. Na jira ya ƙaryata ni, ko ya zage ni. Sai ya juya ya daɗe yana kallon gaurakin.

Ya ce, "Allah Sarki. Ashe su ma jira suke yi."

A ranar ya sa aka mayar da talotalo Romi. Daga nan Baba ya fara zubewa a gaban idona. In na kai tuwo ya taɓa loma biyu ya ture. Ya daina aski. Yakan zauna a kan turmi tun hantsi yana kallon tsuntsayen, in suka yi rawarsu ta hadari sai ya tashi ya shige ɗaki. Da Asabar ta zo, Baba na Romi ya ce abin ai mai sauƙi ne, a sayo namiji.

Baba ya ce, "Wanda za a sayar mana, daga ina za a ciro shi? Kada wanda ya sake ya yi mini wannan."

Na ji shi sarai. Amma ni na fasa wannan abu da bakina, kuma na ƙudura ni zan gyara. Ban shawarci kowa ba na haye gada na shiga kasuwa, wajen masu sayar da aku da kanari da tantabaru. Aka nuna mini wani mutum mai fara'a, mai yawan rantsuwa. Ya ce, "Hajiya, gauraka ai ya ƙare a ƙasar nan. Sai an ƙetare iyaka, can ma sai an sha wuya. Amma in kina so, za a kawo."

Na buga masa tebur na ce, "Namiji nake so, ba kame-kame ba. Na gaji da a dubi girma a ce wannan ne. In ka kawo mini mace, a kanka zan fasa ƙwanta."

Ya yi dariya ya ce, "Kwantar da hankalinki. Akwai yadda ake tabbatarwa."

Ban tambaye shi yadda ake yi ba. Ni da nake tambayar mai dusa daga wane injin ya ɗebo, ran nan ban tambaya ba, domin ba na son in ji. Wannan shi ne abin da yake cina har yau.

Bayan mako uku sai ga mutumin a kan babur da buhu a ɗaure a baya. Da aka kwance, na ga tsuntsu an naɗe masa ƙafafu an ɗaure da tsumma, an zura masa tsohuwar safa a kai. Kwanaki ya yi a haka. Rabin tukkun ya karye. Aka tsayar da shi ya zube, aka sake tsayarwa ya sake zubewa. Baba ya fito ya dube shi, ya dube ni. Ya durƙusa ya kama fiffiken a hankali ya buɗe shi, ya yi ta buɗuwa har ya fi tsawon hannunsa. Ba a datse ba. Ya ce rabonsa da taɓa cikakken fiffiken gauraka tun yana saurayi.

Ya ɗauko wata tsohuwar atamfa cikin waɗanda masaƙarsu ta saƙa, ya huda ta wuri biyu ya zura ƙafafun tsuntsun, ya rataye a rumfa yadda tafin ƙafarsa zai riƙa taɓa ƙasa. Safe da yamma yana murza masa gwiwa da man kaɗanya, yana ɗura masa kunu da cokali. Ni na kamo fara, na kawo maganin kajina na ƙarin ƙarfi. Matan biyu suka yi ta zagaya shi suna leƙe. Rana ta huɗu wadda muke kira Ango ta buɗe fiffike ta yi tsalle a gabansa, ta sunkuya, ta sake tsalle. Baba ya kama hannuna ya matse. Shi kuwa baƙon ko kai bai ɗaga ba. Tun da ya shigo gidan bai yi kuka ko sau ɗaya ba. A kwana na tara, da hantsi, wuyan ya saki.

A Romi muka binne shi, a bayan gidan abokin Baba, don kada masu neman kawunan gauraka su ji labari su tone. Wurin yana gangaren rafi. Baba na Romi ya ce lokacin da ya tare a nan duk fadama ce, har agwagin ruwa suna sauka. Yanzu gidaje sun sauko har bakin ruwa, ruwan kuma baƙi ne, leda ta cika shi. Tsofaffin biyu suka yi ta karɓa-karɓa da fartanya har ramin ya yi zurfi. Ba wanda ya tsokani wani.

Bayan mako guda mai tsuntsayen ya ji labari, ya zo jaje. Na so in kore shi daga bakin ƙofa, Baba ya ce a shigo da shi zaure a kawo masa ruwa. Mutumin ya ce sai haƙuri, haka sana'ar take, wani ya iso wani bai iso ba, kuma in ana so zai sake ƙoƙari kafin ruwa ya ɗauke.

Baba ya ce, "Malam, na taɓa yin sana'ar nan. Abu ɗaya nake so ka gaya mini. Yaya aka yi ka san namiji ne?"

Mutumin ya gyara zama, ya ji an zo wajen gwanintarsa. Ya ce, "Ai Hajiya ce ta matsa, shi ya sa na bi maharban da kaina. Ido ba ya rarrabe su, Baba. Hanya ɗaya ce. Sai ka nemo waɗanda suke kwanci, domin in ka ga biyu a kan sheƙa ɗaya, dole ɗaya namiji ne. Kwana shida muna yawo a ruwa kafin mu samu sheƙa guda. Muka kafa tarko a bakinta, muka kama su duka biyun. Ɗaya ta mutu a hanya, da muka feɗe muka ga macen ce. Ka ga naka ba shakka a kansa."

Na jingina da bango.

Baba ya ce, "Ƙwan fa?"

"Uku ne. Wa zai ɗauko ƙwai a wannan hanyar? Can muka bar su. Ai sun ma kusa fitowa, in ka kara kunne kana jin kukansu daga ciki."

Daga tsakar gida ina jin matan nan biyu suna tsattsagar dawa a kwano. Baba ya buɗe tafin hannunsa, ya lanƙwasa yatsa uku, sannan ya ƙara ɗaya, ya ƙara ɗaya, har hannun ya dunƙule. Ya daɗe yana kallonsa.

Ya ce, "Biyar ke nan, Uwata. Ni da na ce zan mayar da biyu, ga shi na ƙara kwaso biyar."

Na ce, "Baba, ni ce. Kai ka hana."

Ya girgiza kai, ya dafa bango ya miƙe, ya ce in raka baƙo.